A Bar Tsoho Ya Huta? Raddi ga Masu Cewa Ƙirga Taku Wasan Yara Ne

Akwai maganar da ake maimaitawa a majalisu daga Kaura Namoda har Shinkafi, kuma masu yin ta ba marasa tunani ba ne, ba kuma marasa tausayi ba. Cewa suke yi mutum in ya haura sittin ya gama nasa, abin da ya rage masa hutu ne da salla da carbi. Idan kuwa wani ɗa ya dawo daga Kano ko Abuja ya ɗaura wa mahaifinsa agogon nan mai ƙirga taku, sai majalisa ta kwashe da dariya. "Wanga abu na Turawa ne da masu tumbin birni," in ji su. "Mutumin da ya yi shekara arba'in yana huɗa da galma, shi za a koya ma motsa jiki? A bar tsoho shi huta."

Na san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, don haka da ladabi nake wannan magana. Amma ina ganin iyayenmu da 'yan'uwanmu masu wannan ra'ayi sun riƙe gaskiyar jiya ne suna auna yau da ita.

Gaskiyar jiya ita ce da ƙafa aka gina ƙasar nan. Lokacin da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, nan ya tsaya, bai wuce ba. Mafi yawan gyaɗa da audugar da suka shiga taragu daga ƙasar Zurmi, daga su Birnin Tsaba da Dauran da Moriki, a bayan jaki da raƙumi suka iso, ko a ka, mai kaya yana biye a ƙasa. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda ke jawo mutane har daga Nijar, da yawan masu cin ta tun duku-duku suke tasowa a ƙafa, su koma da dare. Mata kuwa ga surfe, ga daka, ga niƙa a dutse, ga jan guga. Wanda ya rayu haka, in ka zo masa da maganar motsa jiki ya yi maka dariya, yana da hujja. Ba a koya wa ɗan kada iyo.

To, amma ina wannan rayuwar take yanzu? Babur ya cinye gajerun tafiye-tafiye: daga gida zuwa tasha, daga tasha zuwa kasuwa, kabu-kabu ne. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse, a wasu gidajen har da na turmi. Waɗannan sauƙi ne daga Allah, ba mai cewa a koma baya. Babban abin da ya raba tsofaffinmu da tafiya kuwa kowa ya san shi, ko da ba a son ambatonsa da ƙarfi. Shekaru fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna tsakanin manomi da gonarsa a arewacin Zamfara. Dajin Dumburum yana ƙasar Zurmi. Gonar da ke nesa da gari ta zama wurin da ba a zuwa sai an biya harajin noma, wani lokaci ko an biya ba a tsira ba. Matashi yana iya yin kasada ya je, don in aka taso yana iya gudu. Dattijo ba ya iyawa, 'ya'yansa kuma ba za su bari ba. Ƙauyuka da dama sun tashi, mutanensu sun tare a Zurmi da Kaura da Gusau.

Mu bi yinin irin wannan dattijo, wanda ya baro ƙauyensu yana zaune a gidan ɗansa a Kaura. Da asuba ya je masallacin unguwa, a ce taku 50 ne daga ƙofar gida. Ya dawo, jika ya sayo koko da ƙosai. Hantsi ya yi, aka shimfiɗa masa tabarma a kan dakali, ga rediyo, ga buta an cika an ajiye a gefensa. Inuwa ta gusa, yaro ya zo ya ja masa tabarmar. Azahar, masallaci, dakali. La'asar, masallaci, dakali. In za a yi jana'iza a wata unguwa, ɗansa ya tayar da babur: "Baba, hau in kai ka, rana ta yi zafi." Salloli biyar, zuwa da dawowa, taku 500 ne. Ka ƙara zuwa bayi da shiga cikin gida cin abinci da leƙa maƙwabci, da ƙyar a haɗa 1,500. Wannan mutumin a da gonarsa tana nisan kilomita 3. Zuwa da dawowa kaɗai ya haura taku 8,000, ba a ma fara lissafin aikin hauya ba. Amma ka tambaye shi yau, zai ce maka, "Ni? Ai ni ban iya zama ba." Ba ƙarya yake yi ba. Jikinsa na da ne yake tunawa, kuma duk majalisar da ke cewa a bar shi ya huta, shi ɗin na da take gani.

Tsohuwa ma haka, ko ma fiye. Ranar da surukai suka cika gida, an sauke mata girki da shara da daka gaba ɗaya, kuma hakan daraja ce da ta cancanta. Sai dai duniyarta ta koma tsakanin ɗaki da tsakar gida. In ta miƙe za ta ɗauko moɗa, sai wata ta yi wuf: "Inna, zauna, bari in kawo miki."

A nan ne nake ganin kuskuren ya fi zurfi, domin cikin ƙauna ake yin sa. Mun ɗauka ƙarfin tsoho wani abu ne da ke ƙarewa in an taɓa, don haka a lallaɓa shi. Likitoci sun daɗe da gano cewa akasin haka ne. Tsokar jikin mutum tana fara raguwa tun daga shekara 30, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan sittin. Abin da ke rage mata gudu shi ne aiki. A 2007 masu bincike a jihar Arkansas ta Amurka suka kwantar da wasu tsofaffi masu ƙoshin lafiya, waɗanda shekarunsu ke kusa da 67, a gado har kwana 10, ana ba su abinci isasshe. Da suka tashi, matsakaicin abin da suka rasa na naman ƙafafu ya kusa kilo 1. Kwana goma kacal, kuma ba ciwon komai suke yi ba. Zama a dakali bai kai kwanciya a gado ba, amma hanyarsu ɗaya, sai dai ɗaya ta fi sauri.

Sakamakon muna ganinsa, sai mu kira shi tsufa mu wuce. Dattijon da bara yake sujada ya miƙe da kansa, bana sai ya dafa bango, baɗi yana kan kujerar roba a ƙarshen sahu. Shari'a ta yi rangwame ga wanda ba ya iya tsayuwa, kuma akwai ciwon gwiwar da ba zama ne ya kawo shi ba. Amma wasu daga cikin kujerun nan mu 'ya'ya ne muka kai iyayenmu kansu tun lokaci bai yi ba. Daga raunin cinya sai rashin daidaito, daga nan sai santsi a makewayi da dare, sai karayar ƙugu, sai gidan mai ɗori, sai kwanciyar da tsofaffi da yawa ba sa komawa yadda suke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura 60 su ne suka fi yawa a ciki. Ga hawan jini kuma, wanda ƙiyasin masu bincike ke nuna yana tare da kusan mutum 1 cikin 3 na 'yan Nijeriya baligai, da yawansu ba su sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Tafiya a kai a kai tana cikin abubuwan da ke sauke shi.

Wani zai ce, to mun ji, tsoho ya yi tafiya. Agogon fa, me ya kawo shi?

Abin da ya kawo shi shi ne babu wanda ya san yawan tafiyar da yake yi. Kowa yana ƙara wa kansa. Agogon shaida ne wanda ba ya jin kunyar Baba. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai jin girgiza, tana gane lilon hannu da dirar ƙafa, tana tarawa. Ba ya buƙatar layin waya don ya ƙirga. Da a ce yana hannun wani a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, da ya ci gaba da aikinsa. Masu sauƙin kuɗi irin na Oraimo da Xiaomi sukan yi kwanaki da caji ɗaya, abin da ke da muhimmanci a inda ake kai waya wurin mai caji. Da yamma mutum ya duba ya ga lamba, kuma lambar ba ta san shi sarkin noma ne a da ba.

Masu cewa baƙon abu ne, su dubi yatsun dattawan da ke majalisar tasu. Nawa ne ke sanye da ɗan carbin nan na lantarki da alhazai ke kawowa tsaraba, wanda ake dannawa da babban yatsa yana tara lamba? Ba wanda ya ce na Turawa ne. An karɓe shi saboda an san mutum yana iya niyyar istigfari dubu ya yi ɗari uku ya ɗauka ya cika. Agogon ƙirga taku irinsa ne, sai dai shi ƙafa yake bi wa lissafi. Kai, tunanin cewa taku abin ƙirgawa ne ma ba daga Turai ya zo mana ba. Malamai suna karantar da mu, cikin abin da Imamu Muslim ya ruwaito, cewa Banu Salima sun so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW) saboda nisa, sai ya umarce su da su zauna a inda suke, domin ana rubuta musu takunsu. Agogo ba ya ƙirga lada, wannan ba aikinsa ba ne. Amma dattijon da ya san wannan hadisi ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yarda ya taka zuwa masallacin Juma'a maimakon a goya shi.

Kuma an gwada an ga yana aiki. A 2022 masu bincike daga Jami'ar Kudancin Ostireliya suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa da suka shafi mutane fiye da 160,000, suka gano cewa masu ɗaura irin wannan na'ura suna ƙara kimanin taku 1,800 a rana. Ba sihiri a ciki. Mutum in ya ga lambarsa, sai ya so ya doke ta jiya. Duk wanda ya taɓa ganin dattawa biyu suna gardamar wanda geronsa ya fi tsawon zangarniya, ya san ba a tsufa da son gasa.

Sai dai akwai wani kuskuren a ɓangarenmu mu masu goyon bayan agogon, kuma shi ke sa tsofaffi su cire shi su jefa a aljihu. Yawancin waɗannan na'urori sukan zo an saita su a kan taku 10,000 a rana. Yaro ya ɗaura wa kakarsa, ta yi iya ƙoƙarinta ta samu 3,000, na'ura ta nuna mata ko kashi ɗaya cikin uku ba ta cika ba, sai ta karaya. Lambar nan ta 10,000 ba daga likitoci ta fito ba. Daga talla ta fito: wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, ya tallata ta da wannan lamba, sai ta bi duniya. Da aka zo aka auna, sai aka ga tsoho ba ya buƙatar kaiwa can. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta suka fitar da sakamakon bibiyar mata tsofaffi fiye da 16,000, matsakaicin shekarunsu 72. Waɗanda ke yin kimanin taku 4,400 a rana, mutuwa a cikinsu cikin shekarun binciken ta yi ƙasa da kusan kashi 40 cikin ɗari in aka kwatanta da masu yin kimanin 2,700. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Wani binciken na 2022 da ya haɗa nazarce-nazarce 15 ya nuna cewa ga wanda ya kai 60, tsakanin 6,000 da 8,000 ne amfanin ke tsayawa. Rai a hannun Allah yake, ba mai musu. Amma Shi ne Ya sanya sababi, kuma mun yarda da sababi a wajen gidan sauro da allurar rigakafi.

Abin lura a binciken Farfesa Lee shi ne ratar da ke tsakanin 2,700 da 4,400. Taku 1,700 ne, tafiyar kamar minti 20 ga mai tafiya a hankali. Zagaye unguwa ne bayan asuba, ko zuwa gaida 'yar'uwa a ɗaya gefen gari bayan La'asar in rana ta yi sanyi. Ga tsohuwar da ba ta fita, zagayen tsakar gida ne tana jan carbinta, da shara, da ba awaki dusa, da goyon jika na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce wanda ya kai 65 ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ya kuma haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da daidaito aƙalla kwana 3. Wannan ɓangare na biyu agogo ba ya ƙirga shi, amma ba shi da wuya: tashi daga kujera a koma sau goma ba tare da dafa hannu ba, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya a jikin bango.

Yanzu bari in ba masu dariya haƙƙinsu, domin suna da shi. Agogon yana kuskure. Mace na daka, yana ƙirga taɓarya a matsayin taku. Mutum na kan babur a hanya mai gargada, yana tara masa ɗaruruwan da bai yi ba. Mai jan ƙafa a hankali, ko mai dogara sanda da hannun da agogon yake, sai ya rage masa. Don haka a ɗaura shi a hannun da ba ya riƙe sanda, kuma a kwatanta lambar yau da ta jiyan mutum, ba da ta maƙwabci ba. Wajen alwala a cire shi ko a gusar da shi ruwa ya game hannu. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne agogunan da ake tallatawa a kasuwa cewa suna auna suga ba tare da tsaga yatsa ba. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe mai wannan iƙirari ba. Awon hawan jinin da masu araha ke nunawa shi ma ba abin dogaro ba ne. Kada wani ya bar shan maganinsa don agogo ya ce lafiya lau. Awon jini na asibiti ne, da abin da ake naɗawa a damtse. Mai ciwon ƙirji, ko haki, ko jiri in ya miƙe, ya ga likita kafin ya ƙara tafiya. Kuma a ƙasarmu akwai abin da littafin na'urar ba zai faɗa ba: tafiyar ta tsaya a cikin gari, a inda mutane suke, kada kuma yaro ya ɗora hanyar da kakansa ke bi kullum da lokacinta a Facebook don alfahari.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne hujjarsu mafi ƙarfi. A gidan da ake auna tiyar gero kafin a ɗora tukunya, sayen agogo wauta ce. Akwai kuma tsofaffin da har yau su ke ɗauko itace, su ke tallar goro a tasha daga safe har dare da yunwa a cikinsu. Waɗannan abinci suke buƙata da hutun gaske, kuma a kansu maganar majalisa daidai take. Ba su nake nufi ba. Ina nufin dubban da aka zaunar, wasu tsaro ya zaunar da su, wasu 'ya'ya masu hali. Su ma ba dole sai agogo ba. Yawancin wayoyin hannu na shafawa suna iya ƙirga taku in suna aljihu. Gida ɗaya na iya sayen ɗaya a riƙa karɓa-karɓa, Baba wannan mako, Inna mako mai zuwa, tunda abin da ake nema sanin inda aka tsaya ne. Wanda ya gane lambarsa, ya san zagaye nawa ke kai shi 5,000, yana iya ajiye agogon ya ci gaba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu tara wa iyaye kuɗin kujerar Makka su tuna. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sau bakwai, ya haura kilomita 3. Ga ɗawafi kafinsa, wanda ke ƙara tsawo in cunkoso ya tura mutum hawa na sama. Ga tafiya daga tantunan Mina zuwa wurin jifa da dawowa, kwana bayan kwana, cikin zafin da ya kai na Shinkafi a watan Afrilu ko ya fi. Duk shekara ana ganin wanda aka biya wa miliyoyi, amma an shekara biyar ana hana shi zuwa bakin titi da ƙafa, ya ƙare a keken guragu yana biyan mai turawa. Shirin Hajjin tsoho ya kamata ya fara daga ƙafarsa, watanni kafin a kira sunansa a sansanin alhazai.

Saboda haka, mai karatu, in kana da tsoho a gida, ba sai mun yi ta gardama ba. Ka aro agogon ko ka sa masa waya a aljihu na mako guda, kada ka ce ya canza komai, sannan ku duba lambar tare. In ta haura 6,000 a rana, ka rabu da shi, masu majalisa sun yi gaskiya a kansa. In ba ta kai 3,000 ba, gobe bayan La'asar ka bar babur a zaure, ka ce, "Baba, taso mu taka mu gaida Kawu."